Iya Ta Ce Da Sauƙi

A unguwarmu ta Limawa, cikin garin Dutse, ina da wani maƙwabci mai suna Huzaifa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Huzaifa ba mugu ba ne, kada a ɗauka haka. Yana da ilimi, yana da fara'a, hannunsa kuma a sake yake. Aibinsa ɗaya ne, wato ƙyuyar zumunci. Duk abin da zai sa ya taka da ƙafarsa ya je wurin mutum, ya zauna ya saurare shi, nauyi yake yi masa. Ya kuma iya lulluɓe wannan ƙyuya da daɗin baki, ya ce shi mutumin zamani ne, lokacinsa yana da tsada.

Huzaifa yana da cibiyar koyar da kwamfuta a cikin gari. Da aka fara yayin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin nan da ake yi wa magana su amsa kamar mutum, sai ya shige ta gaba ɗaya. Ita ke rubuta masa wasiƙu, ita ke tsara masa darussa, ita ke amsa saƙonnin ɗalibansa. In muka zauna a ƙofar gida bayan la'asar, ba shi da zance sai nata.

"Malam Lado," yakan ce mini, "nan da shekara biyar ba za ka ƙara bin layin asibiti ba. Wayarka za ta duba ka. Mota za ta tuƙa kanta. Yaro zai yi karatu ba malami."

Ni tsohon malamin makaranta ne, alli na sani da allo. Sai in ce, "To madalla. In an kai lokacin da za ta ci mini tuwo, ka sanar da ni in ɓoye kwanona."

Wata rana ya ce in yi magana a wayarsa na minti ɗaya. Na yi, ina dariya. Ya ɗan latsa, sai na ji muryata tana fitowa, tana cewa, "Ni Lado na yarda na tsufa, Huzaifa ya fi ni ilimi." 'Yan majalisa suka bushe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Har 'yar shaƙewar nan da nake yi in na ja magana tana ciki. Tsigar jikina ta tashi, domin na ji kaina ina faɗin abin da ban taɓa faɗa ba. Tun daga ranar nake tsoron abin nan, kuma ban ɓoye masa ba.

Mahaifiyar Huzaifa, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a wani ƙauye bayan Miga, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ƙanwarsa Rabi'atu tana aure a Aujara. Huzaifa shi ne ɗan fari, kuma Iya mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "mai Dutse". In da shi take magana, sai ta kewaya ta ce, "An zo lafiya? An ci abinci?" kamar da wani take yi.

Ya saya mata babbar waya, ya koya mata inda za ta danna ta yi magana. Kira ba ya shiga sosai a ƙauyen, amma saƙon murya yana tafiya. Suka saba, duk Juma'a da safe ya aika mata gaisuwa, ita kuma ta amsa. Sai dai saƙon Iya dogo ne. Za ta ba shi labarin ruwan sama, da akuyar da ta haihu, da wanda ya yi aure, da wanda ya rasu. Huzaifa ya fara ƙosawa. Ya ce minti shida yana sauraron labarin akuya, ga aiki yana jiransa.

Nan ne shaiɗan ya kawo masa dabara. Ya tattara tsofaffin saƙonninsa ya ɗura wa manhajar, ta koyi muryarsa da irin maganarsa. Ya umarce ta ta riƙa aika wa Iya gaisuwa duk Juma'a da ƙarfe goma, in Iya ta yi magana ta amsa mata yadda ya saba amsawa, sannan ta rubuto masa taƙaitaccen bayani a layi biyu.

Matarsa Shamsiyya ba ta yarda ba. Da kunnena na jiyo su ta katanga.

"Abban Nusaiba, wannan fa yaudara ce. Uwa ce fa."

"Wace yaudara? Muryata ce, kalmomina ne. Ita gaisuwa take so, kuma tana samu. Da can ma ai wata Juma'ar mantawa nake yi. Yanzu ko ɗaya ba za ta wuce ba."

"In ta gane fa?"

"Malam Lado ma da ya yi boko bai bambance tasa muryar ba, balle Iya."

Gaskiyarsa, Iya ba ta gane ba. Duk Juma'a bayani yana zuwa masa: Iya ta gaishe ka, ta ce an yi ruwa, ta ce an gama noman farko. Ya karanta cikin daƙiƙa biyar ya wuce. Har yakan yi mana alfahari da shi a majalisa, ya ce wannan kaɗan ne daga abin da ke tafe. Na ce masa, "Huzaifa, ka ji tsoron Allah, ka je ka ga tsohuwar nan." Ya ce zai je, aiki ne ya yi yawa. Da ƙaramar salla bai je ba, da babba ma aike ya yi.

Wajen tsakiyar damina sai bayanin ya zo da sabon abu: Iya ta ce ta ɗan yi zazzaɓi, amma da sauƙi. A nan dole in yi wa na'urar adalci. Ta tambaye shi a rubuce cewa an ambaci rashin lafiya, ko yana so ya saurara da kansa? Huzaifa ya dubi kalmar "da sauƙi", ya danna a'a, ya kuma ce kada ta sake damunsa da wannan tambaya sai in abin ya tsananta.

To, jama'a, wane Bahaushe ne bai san "da sauƙi" ba? Ka je duba mutum ka same shi ba ya iya ɗaga kai, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Wanda ake ba ruwa da cokali ma da sauƙi zai ce. Ba daga kalmar ake gane jiki ba, daga muryar da ta faɗe ta ake ganewa, da numfashin da ya biyo baya. Huzaifa ya san wannan sarai, a cikinsa ya tashi. Amma ya riga ya ba wani abu aron kunnensa, shi kuma abin nan kalma ya sani. Mako bayan mako yana rubuto masa: ta ce da sauƙi, tana samun sauƙi. Daga baya ma Huzaifa ya daina buɗe bayanin.

Ranar wata Alhamis, lokacin gero ya fara nuna, ina shara a ƙofar gida da sassafe sai ga Huzaifa ya fito ba hula, ba takalmi. Fuskarsa ta yi wani iri, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Malam, don Allah ka shigo ka ji wani abu."

Abin da ya faru shi ne, yana wanka saƙo ya shigo wayarsa. Shamsiyya ta ga sunan Iya, ta ga kuma ba Juma'a ba ce. Zuciyarta ba ta kwanta ba, sai ta danna ainihin saƙon ta saurara. Na same ta tsaye a tsakar gida, hannunta a kan ƙirji. Huzaifa ya sake danna mini.

Da farko ba a jin komai sai numfashi, mai nauyi, mai ƙara kamar ana jan tabarma a ƙasa. Can sai murya ta fito, siririya, da ƙyar.

"Salamu alaikum. An tashi lafiya?" Aka yi shiru mai tsawo. "Jikin... da sauƙi." Aka sake yin shiru, har na zaci saƙon ya ƙare. Sai ta ce, "Huzaifa." Ta ja numfashi. "Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Shamsiyya ta ce a hankali, "Malam, ka ji? Sunansa ta kira."

Na ji. Shekara talatin da takwas matar nan ba ta furta sunan ba, yau ta furta. Ba sai an gaya wa kowa abin da hakan ke nufi ba.

Huzaifa ya ce, "Wace Asabar take nufi? Ni ban ce zan je Asabar ba."

Ya duba ƙasan saƙon. Ashe manhajar ta riga ta amsa, minti ɗaya bayan shigowarsa. Ya danna, muka ji muryarsa tangaram, cike da fara'a: "Alhamdu lillahi Iya, tunda da sauƙi hankalina ya kwanta. In sha Allahu ranar Asabar ina nan tafe."

Ya koma baya yana danna na makonnin da suka wuce. A kowane mako muryar Iya ta fi ta makon baya ƙanƙancewa. Saƙon da yake minti shida ya koma uku, ya koma ɗaya. Babu sauran labarin akuya. Sai dai, "Da sauƙi. Gero ya yi kyau bana, a zo a gani." A kowane mako kuma muryar Huzaifa tana amsawa, "In sha Allahu ranar Asabar ina nan tafe." Sau shida muka ƙirga. Manhajar ba ta ƙirƙiri wannan ƙarya da kanta ba. A cikin tsofaffin saƙonninsa ta same ta, domin abin da ya saba gaya wa uwarsa ke nan shekara da shekaru. An ce ta amsa yadda ya saba, ta kuwa amsa.

Ya ɗauko makullin mota, ya faɗi daga hannunsa sau biyu. Na karɓa na ce ni zan tuƙa. Shamsiyya ta saɓa 'yarsu Nusaiba ta shiga baya.

Ban taɓa jin tsawon hanyar nan ba irin na ranar. Muka wuce Kiyawa. Huzaifa yana ta kiran wayar Iya, ba ta shiga. Ya kira Rabi'atu, ba ta shiga. Leɓensa yana motsi, ina jin yana cewa, "Ya Allah in same ta. Ya Allah ko minti biyar ne." Ba ya roƙon ta warke ma. So yake ya durƙusa a gabanta da bakinsa ya gaya mata abin da ya yi, ta yafe masa.

Muna gab da Jahun kiran Rabi'atu ya shiga. Ya sa a lasifika, duk muna ji.

"Rabi, kina ina?"

"Ina gida wurin Iya, Yaya. Kwanana uku a nan."

"Kwana uku? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Ita ta hana. Ta ce ka ce Asabar za ka zo, kada a tayar maka da hankali kana aiki."

"Ga ni nan a hanya. Yaya jikin nata?"

A bayan muryarta ina jiyo motsin mutane da yawa.

"Da sauƙi, Yaya," in ji ta. "Ku dai taho a hankali, kada ku yi gudu."

Na ƙi kallonsa. Na tsayar da idona a kan titi. A baya na ji Shamsiyya ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Huzaifa ya ce, "Ta ce da sauƙi, ko Malam? Ai ka ji ta ce da sauƙi." Na ce na ji.

Daga nesa muka hango tabarmi a ƙofar gida, da maza zazzaune. Iya ta cika tun muna tsakanin Dutse da Kiyawa. An yi mata wanka an suturta ta. Aka buɗe masa fuskarta ya gani. Ya durƙusa yana magana a kunnenta, ban san me ya ce ba, har wani dattijo ya ɗaga shi. Aka yi mata salla aka kai ta.

Bayan an dawo, Rabi'atu ta kira shi zaure, ina tsaye kusa. Idonta ya kumbura, amma tana ƙoƙarin ta sanyaya masa zuciya.

"Yaya, ka yi haƙuri, ka kuma gode wa Allah. Kai ka rabu da Iya lafiya. Duk Asabar sai ta sa an dama fura an ajiye maka, in ba ka zo ba ta ce aiki ne. Da safen nan da amsarka ta shigo, sau uku ta sa na danna mata. Ta yi murmushi, ta ce a gaya wa mai Dutse na yafe masa duniya da lahira. Ta ce wata bakwai ke nan ko Juma'a ɗaya bai tsallake gaishe ni ba, Allah ya yi masa albarka. Da muryarka a kunnenta ta tafi, Yaya."

Na ga bakin Huzaifa ya buɗe ya rufe. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Bai iya gaya mata ba.

Na kwana a ƙauyen. Washegari Juma'a, da hantsi, na ce zan koma Dutse, sai Huzaifa ya raka ni cikin gida in yi wa mata ta'aziyya in yi sallama. Ɗakin Iya cike yake da mata, 'yan'uwa da maƙwabta. Muka durƙusa a bakin ƙofa. Ana cikin addu'a sai wayar Iya ta yi ƙara a kan faifan da aka ajiye ta tare da carbinta. Wata gwaggonsu ta ce, "Rabi, duba mana, wataƙila wani ne bai ji rasuwar ba."

Sai a lokacin na tuna Juma'a ce, kuma ƙarfe goma ya yi. Huzaifa ma ya tuna, na ga ya zabura zai miƙe. Cikin ruɗewar jiya bai kashe abin ba. Kafin ya ce wani abu Rabi'atu ta danna.

"Salamu alaikum Iya, barka da Juma'a. Yaya ƙarfin jiki? Na ji daɗi da kika ce da sauƙi. Ki ci abinci sosai. In sha Allahu gobe Asabar ina nan tafe."

Wata tsohuwa ta fara karanta a'uziyya, ta ja jikinta baya daga wayar. Ni kaina da na san asalin abin, sai da jikina ya yi sanyi. Ga mutum durƙushe a gabanmu, bakinsa a rufe, hannuwansa biyu a kan gwiwa ba komai a cikinsu, ga kuma muryarsa tana gaishe da matar da muka binne jiya.

Rabi'atu ta dubi wayar, ta dubi yayanta. Ta daɗe tana dubansa.

"Yaya, mene ne wannan?"

Ya gaya musu. Bai ɓoye komai ba, kansa a ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan tabarma.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Wata bakwai."

"Amsar jiya da safe fa, wadda ta sa na danna mata sau uku?"

"Ba ni ba ne."

Rabi'atu ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ajiye wayar a hankali a kan faifan, ta goge hannunta da gefen zaninta.

"To Yaya," ta ce, "wa Iya ta yafe wa?"

Huzaifa ya kai wannan tambaya wurin malamai fiye da ɗaya. Duk sun ce masa uwa ɗanta ta nufa, ya yawaita istigfari, ya yi mata addu'a da sadaka. Yana yi. Amma har yau in mun zauna bayan la'asar, yakan juyo ya ce, "Malam, da ta san gaskiya, kana ganin za ta faɗi haka?" Wadda ke da amsar kuwa ba ta nan.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ƙirƙirarriyar basira ta zo, kuma masana suna cewa abin da ke tafe ya fi wanda muka gani. Mu yi amfani da ita a inda ta dace, ta rage mana wahalar aiki. Amma akwai haƙƙoƙin da ba a wakilta na'ura a kansu, na farkonsu haƙƙin iyaye. Na'ura tana jin kalma, ba ta san nauyin wanda ya faɗe ta ba, kuma duk halin da ka koya mata, har da ƙaryarka, shi za ta yi ta maimaitawa da sunanka. In kana da uwa ko uba a raye, ka saurare su da kunnenka, komai tsawon labarin. In sun ce maka da sauƙi, kada ka tsaya a kan kalmar. Ka tashi ka je ka gani da idonka, tun suna iya amsa sallamarka.